Yadda ake gano matsalar solinoyid a giyar otomatik da gyara ta

Idan motar otomatik ta ƙi sauya giya, ko tana sauyawa da fizga, ko ta maƙale a giya ta uku ga fitilar inji a kunne, ba lallai ne giyabos ya mutu ba, duk da cewa hukuncin da ake saurin yankewa ke nan a gareji da dama a Gombe. Sau da yawa laifin na solinoyid ne, wato ƙaramin bawul mai aiki da lantarki wanda kwamfutar mota take buɗewa tana rufewa domin tura man giya zuwa kulocin da ake buƙata. Maƙalewa a giya guda kuwa da gangan kwamfutar take yin ta, don ta kare giyabos har a isa wurin gyara.

Da mai ake farawa. A ɗumama motar, a tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, sannan a zaro sandar awon man giya. A Toyota ana dubawa inji yana aiki, a Honda kuwa sai an kashe shi. Lafiyayyen mai ja ne garau. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri ya ƙone, kuma zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40 a Gombe da Bauchi, yana gaggauta hakan. Dattin irin wannan man shi ne yake toshe solinoyid.

Daga nan sai a jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 take da shi. Na'urar za ta nuna lambar matsalar da kwamfuta ta gano. Solinoyid ɗin giyabos ba ɗaya ba ne: lambar P0750 tana nuni ga solinoyid A, P0755 ga B, P0760 ga C. Lambar da ke biye ce ta fi amfani: ga solinoyid A, misali, P0751 da P0752 suna nufin bawul ɗin bai bi umarni ba, ya maƙale a rufe ko a buɗe, P0753 kuma matsalar lantarki ce. A nan ne masu mota suke asarar kuɗi, domin lambar layin gaba ɗaya take zargi, tun daga kwamfuta har zuwa bawul, kuma wayar da ɓera ya ci ko soket ɗin da ƙura da mai suka cika za su ba da lamba iri ɗaya da mataccen solinoyid. Saboda haka a zare soket ɗin giyabos, a tsabtace shi, a bi wayoyin da ido da hannu kafin a taɓa sifana.

Idan wayoyi lafiya suke, a auna solinoyid ɗin da mitar lantarki, wadda take nuna turjiyarsa ga wuta da ma'aunin om. A tsofaffin Camry da Corolla ana sa ran om 11 zuwa 15, a Accord kuwa 12 zuwa 25, amma littafin motar ne alƙali. Mitar da ba ta nuna komai ba tana nufin wayar ciki ta tsinke. Ana kuma iya ba shi wutar batir na ɗan lokaci a saurari ƙarar ƙas. Sai dai solinoyid masu daidaita ƙarfin mai, waɗanda awonsu bai wuce om 5 ko 6 ba, suna iya ƙonewa idan aka ba su wuta kai tsaye.

Canjin kansa ba shi da wuya. A Honda da dama solinoyid ɗin a jikin giyabos yake ta waje, da ɗan rariyarsa wadda wankewa kawai takan wadatar. A Toyota sai an cire kan batir, an tsiyaye mai, an sauke farantin ƙasa, sannan a kwance shi daga gidan bawul. A canza matata da gasket a lokaci guda, a ɗaure notuna a hankali don kada farantin ya lanƙwashe. A zuba man da kamfani ya ƙayyade kaɗai, kamar T-IV ko WS ga Toyota gwargwadon shekarar motar, DW-1 ga Honda. A ganina sabon solinoyid ya fi na Beljiyam, amma wanda ya sayi na hannu ya auna shi a gaban mai shago.

A goge lambobin, a hau titin da babu cunkoso, kamar hanyar Dukku, a bar motar ta bi giyoyinta ɗaya bayan ɗaya. Idan har yanzu inji yana ihu mota ba ta ja, kuma an tarar da ɓarɓashin ƙarfe mai yawa a maganaɗisun farantin, to kulocin ciki ne ya cinye, sai an sauke giyabos.