Yadda ake saita layi biyu tsakanin ofishin Abuja da reshen Jos

Yawancin ofisoshin da ke da hedkwata a Abuja da reshe a Jos sukan ɗauki layi biyu: faiba, da na ko-ta-kwana, na rediyo ko 4G. Amma ranar da motar gyaran hanya ta tsinke faiba a wajen Akwanga, fitilar rauta (na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi) tana nan kore shar, domin wayar da ke tsakaninta da akwatin kamfanin sadarwa lafiya lau take. Sai ta yi ta tura saƙo cikin rijiya, layi na biyu kuwa yana zaune.

Fara da awo. Yi ping (gwajin da ke auna lokacin zuwan saƙo da dawowarsa) ta kowane layi da safe da kuma lokacin cunkoso. Haske a cikin faiba yana cin kusan mikirosakan 5 a kowace kilomita, don haka zuwa Jos da dawowa 'yan milisakan ne kawai. In ka ga milisakan 30 ko fiye a layin faiba, bi sawu da traceroute (umarnin da ke nuna inda saƙo ya bi), wataƙila saƙon yana zagayawa ta Legas.

Sai ka kunna OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi su zaɓi mafi ƙarancin tsada, a rautocin biyu. A nan ake yawan faɗawa tarko. A rautar Cisco, ana lissafa tsadar hanya ne da ma'aunin 100 Mbps, wato layin 100 Mbps da na 1 Gbps duk tsadarsu 1, rauta ba ta ga bambanci. Ɗaga ma'aunin da umarnin auto-cost reference-bandwidth a dukkan rautocin, ko ka sa tsadar da hannu: faiba 10, na ko-ta-kwana 100. Lallai gefen biyu su yi daidai, in ba haka ba saƙo ya tafi ta faiba ya dawo ta rediyo, katangar tsaro ta jefar da shi.

Sai saurin gane katsewa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. OSPF yana gaisuwa kowane daƙiƙa 10, ba ya yanke ƙauna da maƙwabci sai bayan 40. BGP, wani tsarin sanar da hanyoyi, ma ya fi jinkiri, har daƙiƙa 180 a Cisco. Kafin nan kiran waya ya yanke, mai POS ya kumbura fuska. Kunna BFD, tsarin da ke duba layi akai-akai, a kowane milisakan 300 ya yanke hukunci bayan shiru sau 3, za a gane katsewa ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A layin rediyo kam sassauta adadin, domin ruwan Agusta a Jos zai sa hanya ta riƙa ɗaukewa tana dawowa.

In ta ramin GRE da IPsec (rufaffiyar hanya tsakanin ofisoshin biyu) ake bi, rage MTU (iyakar girman fakiti, wato ƙunshin saƙo) zuwa 1400, MSS (iyakar bayanan da ke cikin fakitin) kuma 1360. In an manta, ping zai tafi sumul amma manyan shafuka su maƙale.

Ka tambayi kamfanonin sadarwar biyu inda wayarsu ta bi, don sau da yawa rami ɗaya suke kwance. Daga nan ka gwada da dare: bar ping yana gudu, ka toshe faiba daga can nesa maimakon zare waya a gabanka, ka ƙirga fakiti nawa suka ɓace kafin layi na biyu ya karɓa, da kuma lokacin da aka koma faiba.