Yadda Ake Haɗa Gizo Mai Hula Da Tsohuwar Jarida

Aikin nan na jarida ne da kunun fulawa da iska. Ana yayyaga takarda, a shafa mata kunun, a shimfiɗa ta hawa-hawa a kan wani tsari, idan ta bushe sai ta yi tauri har a ƙwanƙwasa ta tana amo. Gizon tatsuniya ya dace da mai fara koyo, domin jikinsa dunƙule biyu ne da ƙafafu 8, kuma ƙaramar karkata ƙara masa fasali take yi.

A tanadi tsofaffin jaridu kamar 3, farar takarda 'yar kaɗan, balan-balan ɗaya, wayar ɗaure rodi, filaya, tef ɗin takarda irin na masu fenti, guntun kwali, farin gam na kafintoci, sanfefa mai laushi, fentin ruwa, banish da buroshi. Kafin a fara yaga, a duba shafukan jaridar a ware duk wanda ke ɗauke da aya ko sunan Allah. Takarda mai sheƙi irin ta mujalla ba ta shan kunu, a bar ta.

Ga yadda ake dama kunun. A auna fulawa gwangwanin madara ɗaya, a dama da ruwan sanyi gwangwani ɗaya har gudaji su mutu. A juye a cikin ruwa gwangwani 4 da ke tafasa, a rage wuta, a yi ta juyawa kamar minti 3, sannan a zuba gishiri babban cokali 2 a sauke ya huce. Kaurinsa ya zama kamar na koko: yana bin cokali amma yana zuba. Gishirin yana rage saurin fumfuna, sai dai ba ya hana ta idan aka bar aikin da danshi. Sitacin masu wanki ma yana yi, in an dama shi da kauri fiye da na tufafi. A dama iya na ranar kawai, don kunun fulawa da ya kwana biyu a waje tsami yake yi.

Yaga takarda ake yi da hannu, ba yankawa da almakashi ba. Gefen da aka yaga yana da gashi-gashi, yana narkewa cikin na kusa da shi, amma gefen almakashi sai ya fito da layi ko bayan fenti. Jarida tana da ɓangaren da take yaguwa a miƙe, a gwada tsaye da kwance a gano shi. Faɗin kowane yanki kamar santimita 2 zuwa 3, tsawo 10 zuwa 12.

Da cikin Gizon za a fara: a hura balan-balan daidai faɗin santimita 15, kada ya cika tam, a ɗora shi a bakin kofi don kada ya riƙa gudu. A tsoma yanki a kunu, a ja shi tsakanin yatsu biyu har rarar ta sauka, a shimfiɗa, a murza da ɗan yatsa daga tsakiya zuwa gefe don iskar da ta maƙale ta fita. Kowane yanki ya hau kan na baya da kusan rabinsa. Hawa na farko a tsaye, na biyu a kwance, wannan giciyen shi ne ƙarfin aikin. Idan ana musanya jarida da farar takarda, ido zai ga inda aka rufe da inda aka tsallake.

Daga hawa biyu sai a tsaya. A nan yawancin aiki ke lalacewa, domin mutum kan so ya gama a zama ɗaya, ya jibga hawa 5 ko 6. Sama sai ta bushe ta rufe, ruwan ciki ya rasa mafita, bayan 'yan kwanaki a ji wari, a ga baƙin ɗigo-ɗigo, cikin ya yi laushi ya lotsa. A rataye shi ta wuyan balan-balan a inuwa mai iska ko gaban fanka. Kada a kai shi rana: iskar cikin balan-balan tana buɗewa da zafi ta tsaga takardar, wani lokaci ma ya fashe. Da hunturu yini guda kan isa, da damina sai a ba shi kwana biyu. Gwajin shi ne a ɗora bayan hannu a kai, in an ji sanyi to da sauran ruwa. Sai ya bushe a ƙara hawa biyu, ya sake bushewa, sannan a huda balan-balan a zare shi, a liƙe ramin.

Ƙafafu kuwa, a yanka waya guda 8 masu tsawon santimita 50, a murɗe su biyu-biyu da filaya, domin guda ɗaya ba ta ɗaukar nauyi. Huɗun da aka samu a gitta su a tsakiya a kan kwali mai faɗin santimita 8, a danne da tef, a manna kwalin a ƙarƙashin ciki da farin gam. Kowace ƙafa a lanƙwasa ta sama tukuna ta yi gwiwa, sannan ta sauko ƙasa, a naɗe bakinta ya zama tafi don kada ta soki yaro. A naɗe wayar kaf da tef kafin jiƙaƙƙiyar takarda ta taɓa ta, in ba haka ba tsatsa za ta huda fenti ta fito ja-ja. A tsayar da Gizon a kan tebur yanzu, a gyara ƙafar da ba ta taɓa ƙasa, domin bayan an rufe su lanƙwasawa tsaga takarda take yi.

Kai dunƙulen busasshiyar jarida ne mai faɗin santimita 7, a ɗaure da tef a liƙa a gaba. Idan Gizon yana kifawa ta gaba, a liƙa ɗan dutse a ƙasan cikin ta baya. A rufe ƙafafun da mahaɗarsu da mahaɗar kai da ƙananan yankuna, hawa biyu.

Fuska ita ce wurin ɓata lokaci. A jiƙa takardar tishu, a matse ruwan sarai, a kwaɓa da farin gam har ta mulmulu. Da ita za a yi idanu, ɗaya ya fi ɗaya girma, da gira mai ɗagawa, da baki a karkace gefe guda, tunda dama da tsamin baki aka san shi. Hula kuma zoben kwali ne mai tsayin santimita 4 da murfi a sama, a kafa ta a kaikaice.

Idan komai ya bushe ƙayau, a goge tudu-tudun da sanfefa a hankali, a shafa farin fenti sau biyu don rubutun jarida ya ɓace. Kada a tsinka fentin da ruwa sosai, yana jiƙa takardar ta kumbura. Jiki ya ɗauki launi mai duhu, gwiwoyi a yi musu zobe mai haske, hula a ɗiɗɗiga mata zane da tsinken ashana. Banish hawa biyu a ƙarshe, har ƙarƙashin ciki da tafin ƙafafu, domin ta nan kyankyasai da ɓeraye ke fara cin fulawar. A ajiye shi a kan kanta nesa da ƙasa mai danshi, idan kuma wata ƙafa ta tsage a gwiwa, a naɗa mata siririn yanki da farin gam, ya bushe a taɓa da fenti.