Yadda ake karanta wasiƙar godiyar limamin Ingila ta ƙarni na 17

Limamin coci a wani ƙauyen Ingila ya tura ɗansa koyon fatauci a Halab ta Siriya ko Surat ta Indiya, ya kuma ɗauki alƙalami yana gode wa ubangidan yaron. Mai karatun gaggawa godiya kaɗai zai gani a takardar. Wanda ya bi ta daki-daki zai tarar da uba mai fargaba yana neman alfarma cikin ladabi.

Fara da bayan takardar. A zamanin ba a saba amfani da ambulan ba: wasiƙar ake ninkewa, a rubuta adireshi a bayanta, a liƙe da kakin hatimi, galibi ja. Baƙin kaki alamar makoki ce. 'Yan kasuwa kan rubuta sunan mai aikowa da ranar isowa a gefen ninkin, kuma daga nan za ka san daɗewarta a hanya. Jirgin ruwa daga Landan zuwa Indiya yakan ci kusan wata shida, don haka amsa takan haura shekara. Alherin da uban ke yabawa ya riga ya tsufa, wani lokaci ma yaron ya rasu kafin godiyar ta iso. In ka ga wasiƙa iri ɗaya sau biyu, kada ka zata kuskure ne. Ana aika kwafi ta jirage daban saboda haɗarin teku.

Kwanan wata shi ne ramin da ya fi cin mutane. Ingila ta zauna kan tsohuwar kalandar Juliyas har 1752, kuma a ƙarni na 17 tana bayan kalandar Giregori da kwana 10. Sabuwar shekara a hukumance kuwa 25 ga Maris take farawa. Wasiƙar da ke ɗauke da 10 ga Fabrairu 1663, a lissafinmu na yau 20 ga Fabrairu 1664 ce. Wasu marubutan kan taimaka su rubuta 1663/4, wasu ko oho. Duk takardar da ta faɗa tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, ka tsaya ka tantance shekararta, in ba haka ba sai ka jera amsa gaban tambaya. Haka "7ber" Satumba ce ba Yuli ba, "Xber" kuma Disamba.

Sai rubutun kansa. Yawancin malaman coci suna gauraya tsohon salon akawu da salon Italiya. A tsohon salon, e takan juya baya ta yi kama da o, h takan sako jela ƙasa da layi, doguwar s kuma tana rikiɗa da f. Ana musanya u da v, haka i da j. Abin da ka gani kamar "ye" ba y ba ce, tsohon harafi ne mai sautin th. Dabarar ita ce ka fara da gaisuwar buɗewa da ta rufewa, tunda kalmominsu sanannu ne, ka zana wa kanka jerin haruffan wannan hannun, sannan ka kwafe layi-layi da lamba. Kada ka gyara masa rubutu; mutum ɗaya kan rubuta sunansa ta hanya biyu. Tawadar kuwa mai sinadarin ƙarfe ce, takan koma ruwan ƙasa ta ci takarda har ta ɓullo ta baya, saboda haka duba ko alamar da ta rikita ka daga ɗaya fuskar ta keto.

Lura da filin da aka bari. Takarda tana da tsada, don haka barin babban fili tsakanin gaisuwa da farkon magana, da jefa sa hannu can ƙasa a kusurwar dama, durƙuso ne a rubuce. Girman filin yana nuna yadda limamin ke ganin ratar da ke tsakaninsu.

Kalmomi ma suna yaudara. "Factory" a nan gidan ciniki ne na kamfani, ba masana'anta ba, "factor" kuma wakilin ciniki. "Friend" kan nufi majiɓinci ko dangi mai faɗa a ji. Kiran kai bara mai tawali'u al'adar rufe wasiƙa ce, kada ka gina hujja a kanta. Inda ya kamata ka daɗe shi ne jimlar da ta biyo bayan godiyar. Nan ake roƙon a tsawata wa yaro, a tsare shi daga mugayen abokai, a sa ido kan ibadarsa a ƙasar da ba ta Kirista ba, ko a ba shi damar ɗan cinikin kansa. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin albashin ƙaramin akawun Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Ingila mai ciniki a Surat, a shekarun 1670 fam 10 ne a shekara. Kuɗin kuwa fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kobo 12 na wancan zamani, kuma "iij" a lambobin Rumawa uku ke nan.

Daga nan nemi mutanen. Yawancin limaman Cocin Ingila sun ratsa Okusfod ko Kambirij, kuma rajistar tsofaffin ɗaliban jami'o'in biyu da aka buga takan nuna cocin da mutum ya riƙe. Duba shekarar da kyau: a 1662 Dokar Daidaita Ibada ta raba limamai kusan 2,000 da kujerunsu, kuma godiyar uban da ya rasa abin hannunsa ba ɗaya take da ta mai wadata ba. Takardun Kamfanin Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1600, suna Laburaren Birtaniya a Landan. Na Kamfanin Lebant, mai ciniki a Halab da Izmir da Istanbul, suna Ma'ajiyar Takardun Ƙasa da ke unguwar Kiyu a Landan, ƙarƙashin lamba SP 105.