Yadda Ake Atisayen Sikel a Jitar Bas Kafin Jarrabawar Kiɗa

Kafin ka taɓa tsirkiya, ka fara tabbatar da wace jarrabawa za ka zauna, domin ba kowace ce take tambayar sikel ba, wato jerin sautuka da ake hawa da sauka ɗaya bayan ɗaya. Rockschool, hukumar jarrabawar kiɗa da aka kafa a Ingila a 1991, tana da matakai daga na share fage har zuwa na 8, kuma ta ware sashe guda don gwajin hannu: sikel, arfejiyo (kaɗa sautukan da ake haɗawa tare, amma ɗaya bayan ɗaya) da danginsu. Waƙoƙi ukun da za ka kaɗa suna ɗauke da maki 60 cikin 100, wannan sashe kuwa 15. Ita ko Trinity College London, a tsarinta na Rock & Pop, ba ta sa ɗalibi ya jero sikel; waƙoƙi uku ne da gwajin kiɗa nan take. Don haka ka nemi littafin matakinka, bugun da ake aiki da shi yanzu, ka kwafe duk abin da aka lissafa a takarda ɗaya, tare da saurin da aka rubuta wa kowanne. Manhaja tana canzawa, tsohon littafin da ka aro yana iya sa ka wahalar banza.

Sai ka saita jitar. Tsirkiyoyi huɗu ne, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G. Wanda ya yi wata guda yana atisaye da jitar da ba ta saitu ba, kunnensa ya koyi ƙarya.

Yanzu ga sikel ɗin farko, C mejo. Ka ba yatsun hagunka lamba: manuniya 1, na tsakiya 2, mai bi masa 3, ɗan ƙaramin 4. A tsirkiyar A, ka danna faret na 3 (faret su ne ƙarafan da suka raba wuyan jitar gida-gida) da yatsa na 2, wannan shi ne C, sannan faret na 5 da yatsa na 4. Ka koma tsirkiyar D: faret 2, 3, 5, da yatsu 1, 2, 4. A tsirkiyar G kuma faret 2, 4, 5, da yatsu 1, 3, 4. Ka kai C na sama ke nan, sai ka sauko ta hanyar da ka hau. Daɗin bas shi ne wannan siffa ba ta canzawa. Ka ɗauke ta ka fara daga faret na 3 a tsirkiyar E, ka sami G mejo; ka matsa zuwa na 5, ka sami A mejo.

Amma a nan ne tarkon yake. Mutum yakan haddace siffar da yatsu alhali bai san sunan sautin da yake dannawa ba, ranar da aka ce masa ya fara daga wani wuri sai ya tsaya yana zare ido. Maganin abin shi ne ka riƙa faɗin sunan kowane sauti da baki yayin da kake kaɗa shi: C, D, E, F, G, A, B, C. Ka kuma riƙe tazarar mejo a ka: faret 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Ka gwada ta a kan tsirkiya ɗaya tal, daga ƙasa har sama, za ka ga yadda aka gina ta.

Sikel ɗin A maino kuwa daga faret na 5 na tsirkiyar E ake farawa: 5, 7, 8, haka ma a tsirkiyar A, sai 5 da 7 a tsirkiyar D. Idan ka cire B da F daga ciki, ka sami fentatonik mai sauti biyar: A, C, D, E, G. Wannan ba zai yi wa kunnenka baƙunta ba, don yawancin kiɗan jitar Abzinawa na Agadas a kan irin wannan tsari yake tafiya.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne tsabtar sauti. Ka danna dab da ƙarfen faret, ta bayansa, ba a kansa ba kuma ba can tsakiyar gida ba. In ba haka ba tsirkiya ta yi ta ƙarar zzz. Kada ka matse wuyan jitar da ƙarfin tsiya, babban yatsa ya zauna a bayan wuyan daidai da yatsa na 2. Idan hannunka ƙarami ne, faret ɗin farko-farko suna da faɗi, ba laifi ka yi aiki da yatsu 1, 2, 4 kawai kana ɗan matsar da hannu, kamar yadda masu babban bas na tsaye suke yi. A hannun dama kuma, manuniya da na tsakiya su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da tsirkiyar da ka baro: idan kana kan G, tsirkiyoyin E da A sukan ci gaba da gurnani a ƙasa. Ka sauko da babban yatsan dama ya kwanta a kansu. Ba lalle ka ji wannan gurnani a ɗaki ba tare da amfilifaya ba, amma mai jarrabawa zai ji shi sarai. Saboda haka ka riƙa jona jitar kana atisaye, ko da da abin sawa a kunne ne.

Daga nan sai metironom, na'urar da ke ƙirga maka bugu a sauri ɗaya. Akwai shi kyauta a waya. Ka sa shi a bugu 60 a minti, sauti ɗaya kan kowane bugu. Da wuya fa, don a hankali ne kowane aibi yake fitowa fili. In ka hau ka sauko sau uku a jere ba tuntuɓe, ka ƙara bugu 4 ko 5. In ka yi tuntuɓe, ka koma baya. Ka bi haka har ka ɗan wuce saurin da littafi ya rubuta, domin ranar jarrabawa saurin da ake nema ya zo maka da sauƙi. A ganina gudu ba ya burge mai ba da maki. Abin da yake saurare shi ne kowane sauti ya fito da tsawo ɗaya da ƙarfi ɗaya, kuma ya faɗa daidai kan bugu. Yawanci wajen saukowa ake lalacewa, mutum ya ga ya kusa gida sai ya fara sauri. Ka ware wa saukowa nata lokacin.

Minti 15 kullum sun fi awa biyu ranar Lahadi. Sau ɗaya a mako ka ɗauki kanka a waya ka saurara, ba tare da jita a hannu ba.

Idan saura mako biyu ko uku, ka daina bin jerin littafi daga sama zuwa ƙasa, don mai jarrabawa zaɓa yake yi. Ka rubuta kowane sikel a 'yar takarda, ka zuba a hula, ka zaro ɗaya, ko ka sa wani a gida ya riƙa kira maka. Ka saurari bugu huɗu na shiga, ka kaɗa sau ɗaya kawai, ba gwaji. In yatsa ya zame, kada ka tsaya ka ce bari in sake, ka ci gaba da bin bugu har ƙarshe. Sauti ɗaya da ya kuɓuce bai kai tsayawa cak ɓarna ba. Takardar da ta ba ka wahala ka ajiye ta gefe, gobe da ita za ka fara.

In za ka canza tsirkiyoyi, ka yi haka kamar mako guda kafin ranar, domin sababbi sukan yi ta saki kafin su zauna. Ka tafi da wayar jona jita ta biyu da na'urar saiti, in kuma jitarka mai batir ce, ka sa mata sabo tun da dare.