Kurakuran ɗalibai game da tushen falsafar 'yan Viyana

Na gaji da jan layi da jan biro a ƙarƙashin amsoshi iri ɗaya duk lokacin da aka tambayi ɗalibai inda mazhabar lojikal pozitibizim (mai cewa magana game da duniya ba ta da ma'ana sai in ana iya tabbatar da ita ta gwaji), wadda Moritz Schlick da abokansa suka gina a Viyana bayan 1922, ta samo ra'ayinta game da ilimi.

Mafi muni a cikin amsoshin shi ne cewa 'yan Viyana almajiran David Hume ne kawai. Gaskiya ne daga gare shi suka gāji rabon da ya yi a 1748, cewa sani ko dai ya shafi dangantakar tunani da tunani, ko ya shafi abin da ke faruwa a zahiri. Amma wanda ya tsaya nan bai san abin da ya hana su barci ba, wato lissafi. John Stuart Mill ya ce daga ƙirgar abubuwa muka koyi cewa biyu da biyu huɗu ne, su kuwa suka ƙi yarda. Immanuel Kant a 1781 ya ce akwai ilimin da ke ba da labarin duniya alhali hankali ya san shi tun kafin gwaji, ya kafa hujja da jometirin Yuklid. Ka'idar Einstein ta 1915 ta girgiza wannan hujja, sannan mantiƙin Frege da Russell, da littafin Wittgenstein na 1921, suka ba su damar cewa gaskiyar lissafi daga tsarin alamominsa take, ba ta faɗin komai game da duniya.

Wannan sakaci na mantawa da Kant ya taɓa jawo mini asarar aiki mai yawa. Wani ɗalibi da nake duba kundinsa ya cire Kant daga babi na biyu don ya rage shafuka. Ranar kare kundin, mai jarrabawa ya ɗora yatsa a kan sanarwar 1929 da 'yan mazhabar, Carnap da Hahn da Neurath, suka fitar, ya tambaye shi ra'ayin wa take rusawa, yaron ya yi tsuru-tsuru. Ta yaya za ka bayyana gardama ba ka san abokin gardamar ba? Tun daga ranar, ba mai taɓa Carnap a wurina sai ya kawo shafi guda a kan Kant, rubutun hannu. Wasu malamai suna ganin tsanani ne, ni kuwa ban sassauta ba.

Auguste Comte suna ya ba su, wato pozitibizim, fiye da hujja. Ernst Mach, wanda Schlick ya hau kujerarsa ta farfesa a Jami'ar Viyana, ya fi kusa da su. Kuma ku daina lissafa Karl Popper a cikinsu, domin a 1934 ka'idarsu ta tabbatar da magana ta hanyar gwaji ya soka.