Darasi na Bakwai: Haɗa Sifikun Mota Yadda Murya Za Ta Fito Tas

Direban da ke zirga-zirga tsakanin Jidda da Makka, ko wanda ke ɗaukar hanyar Madina mai fiye da kilomita 400, yakan shafe sa'o'i ba shi da abokin hira sai rediyon motarsa. Yawancin 'yan uwanmu Hausawa mazauna nan Saudiyya karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarai suke saurare, don haka abin da suke bukata shi ne muryar mutum ta fito sarai, har kunne ya bambance Sinun da Sadi, ba ƙarar da za ta girgiza gilashi ba.

Kowace sifika tana da mayen ƙarfe a baya, da naɗaɗɗiyar waya a tsakiya, da faifai mai siffar mazurari wanda ke motsi gaba da baya yana tura iska. Gefen faifan, inda ya manne da ƙarfe, ana yin sa da soso ko da roba. A ƙasar nan wannan gefen ne yake fara mutuwa, domin motar da aka bari a rana lokacin zafi cikinta yakan haura digiri 60. Idan ka cire murfin ƙofa ka taɓa gefen da yatsa, ka ga yana marmashewa kamar busasshen burodi, to sifikar ta gama aiki, kuma ita ce ke yin karkarwar da kake ji. In za ka sayi sabuwa, nemi mai gefen roba.

A shagunan kayan adon mota za ka tarar da kwalayen Pioneer da Kenwood da JBL, kowanne da manyan lambobi a jikinsa. Da farko duba girma: motoci da yawa suna ɗaukar mai inci 6.5 a ƙofa, amma gara ka auna ramin motarka da zurfinsa, kada mayen ƙarfen ya tare gilashi idan an sauke shi. Sannan ka tabbatar an rubuta om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar lantarki), wanda shi ne abin da rediyon mota ya saba ɗauka. Batun wat kuwa, wato ma'aunin ƙarfin wutar da sifika ke ɗauka, nan ne ake ruɗar mutane. Lambar da aka buga da manyan haruffa ƙarfin da sifika ke jurewa ne na ƙiftawar ido. Ta gaskiya ita ce ƙaramar da ke kusa da haruffan RMS, wato ƙarfin da take jurewa a kai a kai. Rediyon da aka rubuta masa wat 50 sau 4 ma, abin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. A ganina asarar riyal ce mutum ya sayi sifika mai cin ƙarfi alhali wannan rediyon ne zai ciyar da ita.

Kafin ka taɓa kowace waya, kashe mota ka cire kan batir mai alamar (−). Kowace sifika wayoyi biyu gare ta, (+) da (−), kuma tilas ne haɗin dama ya yi daidai da na hagu. Idan aka juya ɗaya, faifan dama zai tura iska a daidai lokacin da na hagu ke janye ta, sai kaurin sauti ya ɓace, muryar mai karatu ta zama holoƙo, ka kasa gane ta ina take fitowa. Gwajin ba wuya. Sami ƙaramin batir mai bolt 1.5 irin na rimot, ka raba wayoyin sifikar da rediyo, ka ɗan taɓa su a kawunan batirin sau ɗaya. In faifan ya turo waje, wayar da ke kan (+) na batirin ita ce (+) ta sifikar; in ya shige ciki, sai ka juya. Wannan gwajin na manyan sifiku ne kawai, ban da 'yar ƙaramar sifika mai siririyar murya. Kada kuma ka jona sifiku biyu gefe da gefe a kan waya ɗaya, domin om 4 biyu za su koma om 2, rediyon ya yi zafi.

Ɗaurin ƙofa shi ne inda aikin gaggawa ke ɓata kaya masu kyau. Sifika tana son ta zauna daram, ba tare da wata kafa tsakaninta da ƙarfe ba, saboda iskar bayanta kada ta zagayo ta kashe ta gabanta. Ɗaure duka kusoshin, ka sa zoben soso ko na roba a tsakani. Idan ƙarfen ƙofar yana amsa kuwwa kamar garwa in ka ƙwanƙwasa shi, manna masa ledar kashe girgiza daga ciki, amma ka nemi ta robar butil. Mai arhar da aka yi da kwalta narkewa take yi a zafin Makka, ta zubo tana wari. Mahaɗin waya kuma a naɗe shi da kyau, musamman a Jidda inda laimar Bahar Maliya ke sa tsatsa.

Da ka mayar da batir, sai saiti. Mayar da bas da tirebul, wato saitin kaurin sauti da na siririnsa, kan sifili, ka karkato da sautin gaba kaɗan, ta yadda muryar za ta zo maka daga wajen gilashin gaba kamar mai magana yana fuskantarka. In rediyon yana da saiti mai suna HPF, wato matacin da ke rage kaurin sauti, sa shi a kan 80, domin ya sauke wa sifikun ƙofa nauyin amon da ba za su iya ba. Ɗaga sauti a hankali. Inda murya ta fara tsagewa, koma baya kaɗan, nan ne iyakarka.

Amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa (babbar sifika mai kaurin amo) aikin mai wayarin ne a Sana'iyya, unguwar garejoji, sai dai ka tsaya ka ga ya sa fis, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, kusa da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 45 ba. In motar ta kafili ce, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, nemi izininsa kafin a kwance ko da kusa ɗaya. Ka kuma sani cewa dokar ladubban jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2019 ta sa tara a kan ƙure kiɗa a cikin unguwa da kunna shi lokacin kiran salla, saboda haka gwajin ƙarshe a yi shi da gilasai a rufe.