Yadda ake tsara fim ɗin soyayya da ya taɓo mutuwa da lahira

Matashin da ke son shirya fim a garin Tawa na Nijar kan masoyan da mutuwa ta raba, ya fara da yanke shawarar inda kyamara za ta tsaya. A fim ɗin Amurka What Dreams May Come na 1998, an nuna Robin Williams yana ratsa lahira yana neman matarsa, har fim ɗin ya samu kyautar Oscar saboda dabarun hoto. Wannan hanya ba ta karɓe mu ba, domin kuɗinta ya fi ƙarfinmu, kuma mai kallo Musulmi ba zai yarda a zana masa Aljanna ko barzahu ba, tun da gaibu ne.

Saboda haka a bar kyamara wajen mai rai. Idan miji ne ya rasu, takaba ta riga ta ba marubuci tsawon labarinsa, wata huɗu da kwana goma, sai ya jera al'amuran bisa sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, yana nuna yadda gida ke cika da masu gaisuwa, sannan ya watse ya bar matar da hular mijinta rataye a ƙusa.

Mamacin ya zo a mafarki kawai, wanda abu ne da jama'a suka saba jin labarinsa. Kada a sa shi ya bayyana abin da ya tarar can. Ya fi kyau ya yi maganar duniya, kamar bashin da bai biya wani mai shago ba, domin wannan zai ba matar aikin yi idan ta farka, labari kuma ya ci gaba.

Wajen ɗaukar mafarkin, a jira hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, a fita bayan gari da sassafe lokacin da hazo ya rufe sararin sama, a sa ɗan wasan cikin farar riga, sannan a cire ƙarar babura da carar zakara wajen tace sauti. Shirun nan, a ganina, ya fi duk wani ado na kwamfuta tasiri.

Waƙa da rawa kuwa a ajiye su a wuraren tuna baya, domin mai takaba ba ta kwalliya, balle rawa. Kafin a fara ɗauka, a kai rubutun wurin malami ya duba kalaman mafarkin da hukuncin takaba.